Sabon Kwalekwalen Wendell

Harkers Island, North Carolina
12 ga Mayu, 1974

Yaya Glenda,

Gaisuwa mai yawa daga ni da matata Nadine. Ina fata kin isa Alaska lafiya, kuma sanyin can bai fara cin ƙashinki ba. Mu nan lafiya lau. Nadine ta yi mura ta warke. Baba yana shan maganin zuciyarsa, sai dai ya ce abincin da likita ya yarda masa ko kare ba zai shinshina ba. Ranar Lahadi bayan coci na shiga kicin ɗinsa na tarar yana barbaɗa wa jatan lande gishiri kamar mai yafa iri a gona.

Kin ce in riƙa rubuto miki komai, tunda ƙauyen da kamfanin kifin ya kai ki aikin jinya babu waya. To, na sayi kwalekwale.

Ki tsaya ki ji tukuna. Sabo ne fil, fari tas, inji a baya, sitiyari a tsakiya. Ƙarami ne, amma zai ɗauki mutum uku ba matsi. Ba sana'a zan canja ba, na fita teku ne ranar Asabar, a jefa ƙugiya a more. Kin san tun ina saurayi nake gyara wa mutane injinan kwalekwalensu a gareji, su tafi su kamo manyan kifaye, su dawo su cika mini kunne da labari. Na gaji da saurare. Nadine ta yi mini shiru na kwana biyu, daga baya ta ce ko ba komai ya fi babur.

Ga abin da nake so ki sani. Tun da Baba ya fito daga asibiti, zama kawai yake gaban talabijin, wani lokaci ko kunna ta ba ya yi. Ranar da na jawo kwalekwalen da mota zuwa ƙofar gidansa, sai ga shi ya fito da silifa. Ya zagaya shi, ya ƙwanƙwasa gefensa, ya taɓe baki ya ce roba ce, a zamaninsu da katako ake yi. Sannan ya tambaye ni yaushe za mu saka shi a ruwa. Tun rasuwar Mama ban ji ya tambayi wani abu da ya shafi gobe ba.

Ƙaninki,
Wendell

Chignik, Alaska
27 ga Mayu, 1974

Wendell,

Na samu wasiƙarka, na ji daɗi da kowa lafiya. Ka gaishe da Nadine, ka ce mata Allah ya ƙara mata haƙuri. Ni lafiyata ƙalau, in ban da bacci da ba na samu. An fara shirin kakar kifi, kullum ina ɗinke yatsun da wuƙa ta yanka, tufafina duka ƙarni suke.

Yanzu kuma maganar kwalekwale. “Za mu saka shi a ruwa.” Ku su wa? Na karanta layin nan har ya kusa gogewa. Wendell, ni ce na zauna gefen gadon Baba a watan Janairu lokacin da kai ka ce warin asibiti yana sa ka jiri. A gabana likita ya ce kada ya ɗaga abin da ya fi butar shayi, kuma kada ya yi nisa da asibiti. Kai a fahimtarka, tsakiyar teku kusa da asibiti take?

Na san ka. Haka ka ce ƙudan zuman da ka ajiye a bayan gareji ba sa harbi in an saba da su. Haka ka ce babur ɗin ba ya gudu. Ba ka da mugun nufi, ban taɓa cewa kana da shi ba, amma kyakkyawan nufinka ya sha kai mutane wurin ɗinki.

Na kuma san Baba. In na ce a hana shi, zai tafi ne don kawai ni na faɗa. Saboda haka kada ku wuce hasumiyar fitila mai nuna wa jiragen ruwa hanya. Ya sa rigar ceto, ba ya zauna a kanta ba. Ƙwayoyin da yake sawa ƙarƙashin harshe su kasance a aljihunka, don nasa aljihun a huje yake. Ka sayi rediyon oba-oba kafin ka ƙara sayen ko da ƙugiya ɗaya. In kifin ya fi tsawon hannunka, kai za ka ja.

Ka ɗauke gishirin nan daga gidansa.

Yayarka,
Glenda

Harkers Island
16 ga Yuni, 1974

Yaya Glenda,

Muna gaishe ki. Lafiya muke, Baba har ya ɗan yi ƙiba. Na ɗauke gishirin, ya je ya aro na maƙwabta. Wasiƙarki ta iso, Nadine ta ce in manna ta a jikin sitiyari. Yaya, ko sau ɗaya ki rubuto mini kamar ƙaninki, ba kamar mara lafiyar da ya ƙi shan magani ba.

Mun saka shi a ruwa. Gara ki ji daga bakina kafin wani ya rubuto miki. Akwai wani ɗan rami a ƙasan kwalekwale ta baya, wanda ake buɗewa in an fito don ruwa ya tsiyaye. Na manta ban toshe shi ba. Ba mu bar bakin kwatar jiragen ruwa ba sai na ji safata ta jiƙe. Kin san tsofaffin nan da ke zama a benci gaban shagon ƙugiya, abokan Baba. Duk suna nan. Ɗaya ya ɗaga murya ya tambaya ko jirgin ƙarƙashin ruwa na saya. Baba kuwa ya ɗora ƙafafunsa a kan akwatin ƙanƙara, ruwa yana hawa, yana ce musu kada su ga laifina, a gareji na girma.

Bayan mun kwashe ruwan mun fita, ba mu wuce fitila ba, kamar yadda kika ce. Ya sa rigar ceto, amma ya ƙi ɗaure ta. Rediyo na saya. Mun kama ƙananan kifaye cikin bokiti, Nadine ta soya da garin masara, aka ci har da maƙwabta.

Sai dai Baba ya ce wannan kamun yara ne. Shi shuɗin ruwa yake so, can waje inda ba a hango ƙasa, inda marlin yake, mai baki kamar mashi. Ya ce duk shekarun da ya yi yana jan ragar jatan lande yana hango su suna tsalle daga nesa, bai taɓa samun sukunin jefa musu ƙugiya ba, saboda yana neman abin da za mu ci. Ban yi masa alkawari ba. Ban kuma ce a'a ba, don lokacin yana kallona.

Kullum da safe yanzu yana aske gemunsa ya zo ya wanke kwalekwalen, ko bai yi datti ba.

Wendell

(A bayan kati mai hoton hasumiyar fitila)
7 ga Yuli

Yaya, gaisuwa. Kowa lafiya, Baba ma garau. Jiya mun fita waje, wani ƙaton marlin ya haɗiye ƙugiyarmu. Ya yi ta kokawa tun hantsi har rana ta take. Daga ƙarshe muka rasa shi, muna can nesa da gaɓa. Har yanzu hannuna rawa yake, ba na iya dogon rubutu. Sauran bayani yana tafe.

W.

Filin jirgin sama, Anchorage
24 ga Yuli, 1974

Wendell,

Zan gaishe ka ne don Mama ta koya mana haka. Ina fata kana lafiya, domin ina so in same ka da ƙarfinka ranar da zan dawo.

Hazo ya rufe mu kusan mako biyu, jirgin sama mai kawo wasiƙu bai sauka ba. Na rubuta maka amsa a kan maganar shuɗin ruwa, tana nan a jakata har yanzu, ba ta da sauran amfani. Ranar da jirgin ya samu sauka, irin mai sauka a kan ruwa ne, wajen sauke kaya buhun wasiƙu ya faɗa teku. Aka tsamo shi. Katinka ya iso hannuna saman ya wanke fes. Abin da ya rage ke nan: “Ya yi ta kokawa tun hantsi har rana ta take. Daga ƙarshe muka rasa shi, muna can nesa da gaɓa. Har yanzu hannuna rawa yake.”

Ka karanta wannan, ka sa kanka a matsayina.

Za ka ce wa zai aiko da labarin mutuwar ubansa a bayan kati. Kai mana. Kai ne ka sanar da ni rasuwar Goggo Lucille a ƙasan wasiƙa, bayan labarin tayar motarka.

A tsaye na karanta, ga wani mutum zaune yana jira in ɗinke masa tafin hannu. Na ɗinke, ban san yadda na yi ba. Na je ofis aka haɗa ni ta rediyo da wayar gidan Baba, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Aka gwada naka gidan, haka. Na ce a raina kuna wurin zaman makoki. Kwana biyu ina jiran jirgi, ina kuka ina zaginka, in gaji in koma zagin kaina da na taho na bar shi. Matan kamfani suka riƙa kawo mini abinci ɗaki. Da yamma manaja ya tsayar da aiki, ma'aikata suka cire huluna a ɗakin cin abinci, aka yi wa Baba addu'a. Har waƙar coci aka yi masa.

Ina sauka nan ɗazu na nufi wayar kuɗi, na sake gwada gidansa, ko zan samu wani cikin dangi. Aka ɗauka. Na ji an ce, “Wa ke nan? Abinci nake ci.”

Sai ganina na yi zaune a ƙasa, kan wayar yana lilo. Da na jawo shi na ce ni ce, bai ko tambayi lafiyata ba. Ya ce, “Glenda? Gara da kika kira. Ƙaninki matsoraci ne, na haifi matsoraci.” Ya hau ba ni labarin wani kifi, tsawonsa kaza, tsallensa kaza, ni kuwa hawaye ya hana ni magana, har tsabar kuɗina ta ƙare waya ta yanke.

Gobe zan koma Chignik in tsaya gaban mutanen da suka yi wa ubana waƙa, in ce musu kifi ne.

Na ce kada ku wuce fitila. Ka rubuto mini abin da ya faru duka, da fensir, a cikin ambulan.

Glenda

Harkers Island
3 ga Agusta, 1974

Yaya Glenda,

Gaisuwa. Nadine lafiya. Da ta karanta wasiƙarki ta yi dariya har ta riƙe ciki, sannan ta fashe da kuka, sannan ta ce ni jaki ne. Na yi baƙin cikin abin da kika sha, da gaske nake. Amma ba ni na jefa buhu a ruwa ba. Ranar da kika kira ta rediyo muna wurin aiki, shi kuma Baba ya daina ɗaukar waya don yana zaton ni ne. Sa'a kika yi da ya ɗauka ranar da kika kira daga filin jirgi.

Na rubuta miki cewa Baba garau yake. Ba gaskiya ba ce duka, kuma kifin ba kuɓucewa ya yi ba.

Ranar da muka fita, teku ta kwanta luf kamar faranti, ko iska babu. Baba ya ce irin wannan rana ba ta zuwa sau biyu a shekara. Na ce mu ɗan leƙa waje kaɗan. Kin san yadda kaɗan take a wurinsa. Sai da ruwa ya koma shuɗi mai duhu, ƙasa ta ɓace. Ina kan sitiyari zaren ƙugiyar ya fara gudu da ƙara, kafin in juyo Baba ya riga ya cafke sandar.

Yaya, da kin gan shi. Kifin ya taso sama gaba ɗayansa, ya kusa kai tsawon kwalekwalen, yana walƙiya yana girgiza kai. Baba yana dariya, yana zaginsa da sunayen da ban san ya sani ba. Na ce ya ba ni in karɓe shi, ya ce in na kawo hannu zai cije ni. Haka muka yi ta yi, ya jawo, kifin ya ƙwace, ni ina bin su da inji ina zuba masa ruwa a ka.

Da rana ta take sai dariyar ta tsaya. Na duba na ga leɓunansa sun koma kalar toka, ya manne hannun hagu a haƙarƙarinsa. Na ciro ƙwayar, ya kawar da kai, ya ce saura ƙiris. Kuma gaskiya ne, saura ƙiris. Ina ganin inuwar kifin a ƙarƙashinmu, ya gaji, ya fara kwantawa ta gefe. Na kalli kifin, na kalli Baba. Na zaro wuƙa na yanke zaren.

Ya faɗa kan kujera. Na tura masa ƙwayar ƙarƙashin harshe bai hana ni ba. Da numfashinsa ya dawo ya kalli guntun zaren yana kaɗawa, ya ce, “Kai ka yanke.” Na ce ni na yanke. Maganarmu ta ƙarshe ke nan har yau. Na so in wuce da shi asibiti, ya sauka daga mota ya tafi gida a ƙafa.

Ya gaya wa tsofaffin benci cewa tsoro ya kama ni. Yanzu in na wuce sai su riƙa yi mini almakashi da yatsu. Nadine ce ke shiga gidansa. In ni na kai abinci, sai ya bar shi a baranda har kyanwa ta ci.

Ke kin ce ba ni da hankali da na fita da shi. Shi ya ce ba ni da zuciya da na dawo da shi da rai. Don Allah ku daidaita tsakaninku ku sanar da ni wanne ne. Kwalekwalen yana nan a rufe da tamfol, ko kallonsa ba na son yi.

Wendell

Chignik
15 ga Agusta, 1974

Wendell,

Ina gaishe ku. Lafiyata lau, aikina yana nan, manaja kuwa sai murmushi yake yi duk lokacin da ya gan ni. Ma'aikata sun raɗa mini suna marainiyar kifi. Jiya na tarar da kan wani kifi a ƙofar ɗakina an ɗora masa furanni.

Na karanta wasiƙarka a bakin ruwa, don ban so kowa ya ga fuskata. Da ni ce a kwalekwalen nan, da tun tsallen farko na yanke, da kuma bai samu dariyar nan da ka ce ya yi ba. Da abokansa na benci ne, da sun bar shi ya kamo kifinsa su kawo mana gawa. Ka yi daidai. Kada ka saba da jin haka daga bakina, kuma wuce fitilar da kuka yi yana nan, ban yafe ba.

Ka daina tsayawa a barandarsa kamar wanda ya yi sata. Fushin da yake yi ba da kai ba ne kaɗai, kai ne dai kusa. Na rubuta masa tasa wasiƙar daban, na gaya masa an yi masa waƙar jana'iza a Alaska kuma mutanen ba su iya waƙa ba, in ba ya son a maimaita ya je ya ga likita. Ka ce wa Nadine ta kai shi, ita yana jin kunyarta.

Glenda

Harkers Island
8 ga Satumba, 1974

Yaya Glenda,

Gaisuwa daga mu duka. Nadine lafiya. Baba ya ga likita, an canja masa magani, an kuma yi masa faɗan da ya ce tun yana makaranta ba a yi masa irinsa ba. Ni ne dai ba ni da lafiya, cikina har yanzu bai zauna ba, ga dalili.

Jiya da safe na fito da kofin kofi, sai na ga an yaye tamfol. Baba yana zaune a cikin kwalekwalen, a nan tsakar gida, ya riƙe sitiyari, hularsa a ka, rigar ceto a ɗaure har wuya. Bai gaishe ni ba. Ya miƙo hannu ya ce in ba shi makulli. Wai likita jan kifi ya hana shi, bai hana shi tuƙi ba, kuma ya yarda a fita in ruwa a kwance yake ba a yi nisa ba. Na leƙa taga na kalli Nadine, ta gyaɗa kai, a gabanta aka faɗa.

Yaya, mutumin nan bai san akwai abin da ake kira a hankali. Ya bar kwata kamar an biyo shi, tsofaffin benci suka miƙe tsaye. Duk raƙumin ruwan da ya gani sai ya hau ta kansa. Ni da ban taɓa jiri a teku ba, sai ga ni rataye a gefe ina mayar da karin kumallo, shi kuma yana ce mini in karkata can kada in ɓata masa fenti. Masa, ki ji fa.

Ba mu yi nisa ba, ana hango fitila. Wani babban kifi ya kama, ba marlin ba, amma ya kai tsawon ƙafata. Ni na ja. Tun daga farko har ƙarshe bakinsa bai huta ba: ɗaga sanda, sassauta, wa ya koya maka, kai da mota kake kokawa ko da kifi. Amma duk inda kifin ya juya, kafin in yi magana ya riga ya juya kwalekwalen. Da na jefo shi ciki ya dube shi, ya ce ba laifi, na gareji ne.

A hanyar dawowa ya rage gudu da kansa. Can sai ya ce, bai ko kalle ni ba, “Wuƙar nan taka ba ta da kaifi. Ran nan sai da ka goga sau biyu kafin zaren ya yanke. In abu ya taso ba a jira haka. Kawo ta in wasa maka.”

Yanzu haka yana barandarmu da dutsen wasa, ina jin ƙararsa ina wannan rubutu. Ya ce in gaya miki ki taho masa da kyafaffen kifin Alaska in za ki dawo, mai gishiri. Na ce masa ya rubuta da hannunsa, ni na gaji da shiga tsakaninku.

Ƙaninki,
Wendell